Maikal Farade, ɗan maƙeri da ya fitar da wutar lantarki daga mayen ƙarfe

 Duk mai shago ko rumfa a kasuwa ya san yadda ake ji ranar da wuta ta ɗauke da rana tsaka. Ƙanƙara ta fara narkewa, mai saida ruwan sanyi da bisap ta shiga lissafin asara, tela ya naɗe hannu, masu jiran niƙa su yi layi da kwanukansu. Can sai ka ji an fara jan igiyar gurup ta ko'ina. To, ko kun taɓa tambayar kanku mi ke cikin gurup ɗin nan da har yake ba da wuta? Da yawa suna zaton man da aka zuba ne ke rikiɗewa ya zama lantarki. Ba haka ba ne. Aikin mai shi ne ya juya inji kawai. Injin kuma yana juya mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe, daga nan ne wuta ke fitowa. Mutumin da ya gano wanga sirri a shekarar 1831 shi ne za mu ba ku tarihinsa yau, kuma yaron shago ne, bai yi wani dogon lakwal ba.

An haifi Maikal Farade ranar 22 ga Satumba 1791 a wata unguwa da ke kudancin birnin Landan, ƙasar Ingila. Ubansa Jems maƙeri ne da ya baro ƙauyensu na arewacin ƙasar don neman abinci a birni, amma rashin lafiya ta riƙa hana shi aiki. Ƴaƴa huɗu gare shi, Maikal ne na uku. A 1801, lokacin da hatsi ya yi tsada ƙwarai a Ingila, sai da ta kai ana ba yaron burodi guda a ce ya yi maneji da shi har sati. Iyakar abin da ya samu a lakwal shi ne karatu da rubutu da ɗan lissafi.

Yana da shekara 13 aka kai shi wajen wani mai shagon littattafai ana ce da shi Joji Ribo. Aikinsa na farko kai jarida gida-gida. A zamanin jarida na da tsada, mutane hayarta suke yi, sai yaro ya kai wa wannan, in ya gama karantawa ya karɓo ya kai wa na gaba. Da maigidan ya ga yaron yana da amana, a 1805 ya ɗauke shi koyon ɗinkin littattafai na shekara bakwai. A nan ne abin ya faro. Littafin da aka kawo a ɗinke a sa masa bango, Maikal sai ya karance shi kafin mai shi ya zo karɓa. Biyu suka fi shiga ransa: babin lantarki na wani babban kundin sani, da wani littafin ilimin haɗa sinadarai da wata mace mai suna Jen Marset ta rubuta cikin sauƙin harshe. Har ya tsufa yana girmama matar nan, yana ɗaukarta malamarsa ta farko. Ribo kuwa, maimakon ya yi faɗan ana ɓata masa lokaci, sai ya bar shi yana gwaje-gwajensa da tsoffin kwalabe a bayan shago. Ni a ganina wanga maigida yana da babban rabo cikin duk abin da ya biyo baya, don iyayengida nawa ne za su bar yaron shago ya riƙa buɗe kayan mutane yana karatu? Akwai kuma wansa Robat, shi ma maƙeri, wanda ke ba shi sule guda yana biyan kuɗin shiga wajen wani malami mai koyar da kimiyya da dare. Ubansu ya rasu a 1810.

A 1812, shekarar da zai gama koyon sana'a, wani mai sayen littattafai a shagon ya ba shi takardun shiga lacca huɗu na Hamfiri Debi, babban masanin sinadarai na Ingila a lokacin, a wata cibiyar bincike mai suna Royal Institution. Farade ya je ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji, ya zana kayan aikin da ya gani, ya koma shago ya ɗinke su suka zama littafi mai shafi fiye da 300, ya aika wa Debi tare da roƙon aiki. Da farko babu gurbi. Amma rabo ba ya wuce mai shi. Wani sinadari ya fashe ya ji wa Debi rauni a ido, har ya nemi yaron ya yi masa rubutu na ƴan kwanaki. Bayan haka kuma aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaji saboda faɗa. A watan Maris 1813 aka ɗauki Farade a madadinsa, albashi sule 25 a sati da ɗaki a saman bene. Aikin ya haɗa da wanke kwalabe da share kayan gwaji.

Cikin Oktoba na wannan shekara Debi ya tashi rangadin Faransa da Italiya da Suwis tare da matarsa, ya tafi da Farade a matsayin mataimaki. Baran Debi ya ƙi bin su, sai aka ɗora wa Farade aikin bara kuma, da alkawarin za a samu wani a hanya. Matar Debi, mai kuɗi ce mai ji da kanta, ta riƙe shi bara sosai: yakan ci abinci tare da barori, yakan zauna a wajen keken doki su suna ciki. Abin ya ƙona masa rai har ya yi tunanin komawa ɗinkin littattafai. Ya dai daure wata goma sha takwas. Cikin wannan tafiya ya ga Amfer a Paris, ya ga Bolta, wanda ya ƙirƙiro batir, a Milan. A birnin Fulorans kuma ya taya maigidansa ƙona lu'ulu'u da zafin rana ta cikin wani ƙaton gilashi, suka tabbatar da cewa dutsen nan mai tsada asalinsa ɗaya da gawayi. Sun komo Landan a Afrilu 1815.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan tsaya kan shi mayen ƙarfen, tunda kansa labarin yake. Kowa ya san shi. Yara na ciro shi daga tsohuwar lasifikar rediyo, tela na tsince allurai da shi, shi ne kuma ke cikin robar bakin ƙofar firigo yana riƙe ta. Kowane maye yana da kai biyu, ana kiran ɗaya arewa ɗaya kudu. In ka haɗa arewa da kudu sai su manne, in ka haɗa arewa da arewa sai su ture juna. In ka karya shi biyu ba za ka samu arewa daban kudu daban ba, kowane gutsure zai fito da kawunansa biyu. Tun a shekarar 1600 wani likita Bature mai suna Wiliyam Gilbat ya nuna cewa ita kanta duniya ƙaton maye ce, shi ya sa allurar nan ta na'urar neman alƙibla kullum take fuskantar arewa, daga nan mai salla ya lissafa gabas. Amma har zuwa ƙuruciyar Farade, masana na ɗaukar mayen ƙarfe abu daban, lantarki abu daban.

A 1820 wani malami ɗan ƙasar Danmak mai suna Orsted ya lura cewa in aka saki wutar batir cikin waya, allurar da ke kusa da wayar sai ta karkace. Ke nan lantarki na haifar da ƙarfin maye. Labari ya bazu Turai. Aka roƙi Farade ya rubuta bayanin abin a wata mujalla, shi kuwa halinsa ne ba ya yarda da abu sai ya gwada da hannunsa. Ranar 3 ga Satumba 1821 ya zuba zaiba cikin kofi, ya kafa sandar maye a tsakiya, ya rataye waya bakinta na taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Sai wayar ta shiga kewaya mayen ba tsayawa. Abin kamar wasan yara, amma shi ne kakan duk wani moto mai aiki da lantarki, daga fanka zuwa famfon ruwa da injin niƙa. Watanni uku kafin nan ya auri Saratu Banad, ɗiyar wani maƙerin azurfa. Sun zauna shekara 46, Allah bai ba su haihuwa ba.

Nasarar ta jawo masa baƙin jini. Wani babban masani mai suna Wolaston, abokin Debi, ya taɓa gwada wani abu mai kama da wannan bai yi nasara ba. Farade ya yi gaggawar buga sakamakonsa bai ambace shi ba, sai surutu ya tashi cewa yaron Debi ya yi satar fasaha. Ga mutumin da ba shi da dukiya ba shi da dangi masu faɗa a ji, sunansa kaɗai ne jarinsa, wannan zargi ba ƙaramin abu ba ne. Ya je har wajen Wolaston ya yi bayani, shi kuma bai riƙe abin a zuci ba. Wanda ya riƙe shi ne maigidansa. Da aka kawo sunan Farade don shiga ƙungiyar manyan masana ta Royal Society, Debi, wanda ke shugabancinta, ya nemi a janye sunan. Ba a janye ba. A 1824 aka yi zaɓe ya shiga, ƙuri'a ɗaya tak ta ƙi shi. Daga nan aka ɗora masa aikin gyaran gilashin hangen nesa, ya share shekaru a bakin tanderu ba wani sakamako mai gamsarwa. Duk da haka cikin waɗannan shekaru ya maida iskar kulorin ruwa a 1823, ya kuma gano sinadarin benzin a 1825. Debi ya mutu a 1829.

Tambayar da ke cin ransa ita ce: in lantarki na haifar da maye, mi zai hana maye ya haifi lantarki? Masana da yawa sun gwada. Sukan aje maye kusa da waya su zuba ido, shiru. Ranar 29 ga Agusta 1831 Farade ya ɗauki wani zoben ƙarfe mai faɗin kamar santimita 15, ya naɗa waya a gefe guda, ya naɗa wata daban a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Ta farko ya haɗa da batir, ta biyu da allurar awo. Da ya haɗa batir sai allura ta yi tsalle ta koma wurinta. Wuta na ta gudu a wayar farko, allura ko motsi. Da ya cire batir sai ta sake tsalle, amma ta ɗaya gefen. A nan ya gane abin da ya kuɓuce wa sauran. Ƙarfin maye in yana zaune wuri ɗaya ba ya ba da komi, sai yana canzawa, yana ƙaruwa ko yana raguwa. Ƴan kasuwa za su fi kowa fahimtar wannan, don jarin da ke kwance cikin akwati ba ya kawo riba sai an juya shi.

Ranar 17 ga Oktoba ya tura sandar maye cikin naɗin waya, allura ta motsa, ya zaro ta, ta sake motsawa, babu batir ko ɗaya a wurin. Ranar 28 ga wata ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin kawunan wani ƙaton maye, wuta ta riƙa fitowa ba yankewa muddin faifan na juyawa. Cikin wata biyu ke nan ya aza harsashin abubuwa biyu. Zoben nan shi ne asalin taransifo da kuke gani bisa turakun unguwa, wanda ke rage ƙarfin wuta ko ya ƙara shi gwargwadon yawan naɗin kowane gefe. Faifan kuma shi ne asalin injin ba da wuta. Wani Ba'amurke mai suna Jozef Henri ya gano irin wannan a nasa ɓangaren, amma Farade ya riga shi bugawa. Wanda ya taɓa hawan keke mai dinamo ya ga abin da idonsa: in ka taka da ƙarfi fitila ta yi haske, in ka tsaya ta mutu. Haka yake a madatsar ruwan Kainji ta Najeriya da aka gama a 1968, inda ruwa ke juya injin, haka yake a Anu Araren inda SONICHAR ke ƙona gawayin ƙasa tururi ya juya shi. Abin da ke juyawar ne ya bambanta. Faifan hasken rana kuwa yana ba da wuta ta wata hanya daban.

A nan ne Farade ya yi wani zaɓi da ɗan kasuwa zai jinjina kai. A shekarar 1830 ya samu fiye da fam 1000 daga aikin da yake wa masu masana'antu da kotuna na gwada kaya, alhali albashinsa a cibiyar fam 100 ne a shekara, da gida da gawayin ɗumama ɗaki da kyandir. Da ya bi wannan hanya da ya zama attajiri. Sai ya rage ta har ta kusa ƙarewa don ya samu lokacin bincike. Bai yi rajistar mallakar injin wuta da sunansa ba. Wata dabarar fitar da hayaƙin fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, wadda ya ƙirƙiro, wansa Robat ya bar wa ya yi rajistarta, wato mai ba shi sule guda a da. Mabiyin wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ne da ba ta yarda da tara dukiya ba, kuma ya riƙe wannan da gaske. Ko daidai ya yi ko kuskure, kowa da ra'ayinsa. Abin da ya tabbata shi ne wasu ne suka ci ribar, kuma sai a 1882, shekara 15 bayan mutuwarsa, aka buɗe tashoshin farko masu saida wa jama'a wuta a Landan da Niyok.

Yawan aiki ya kayar da shi a 1839. Jiri da mantuwa suka kama shi, ya yi shekaru bai iya wani bincike mai nauyi ba. Da ya farfaɗo a 1845 sai ya koma kan maye. Ranar 13 ga Satumba ya ɗauko wani gutsuren gilashi mai nauyi, ragowar aikin nan da ya ɓata masa shekaru, ya sa shi tsakanin kawunan maye mai ƙarfi, ya haska fitila ta ciki, ya ga maye yana canza yanayin hasken. Cikin Nuwamba ya rataye gilashin da zare, sai ya ga ya juya ya gicciye, yana gudun mayen. Daga nan ya shiga rataye duk abin da hannunsa ya kai: itace, nama, burodi, tuffa, ruwa cikin kwalba. Dukansu maye na ture su, amma kaɗan ƙwarai, yadda ba a gani sai da kayan awo. Ya tabbatar da cewa babu abin da maye ba ya taɓawa. Daga baya ma ya nuna cewa iskar oksijin da muke shaƙa maye na janta.

Yau masu koyon aikin lantarki suna karanta kaya kashi uku. Akwai waɗanda maye ke kamawa da ƙarfi: baƙin ƙarfe, da nikel, da kobal. Akwai waɗanda yake ja kaɗan yadda hannu ba ya ji, kamar alminiyam da ake zuba tukwane da shi. Akwai waɗanda yake turewa kaɗan, kamar jan ƙarfe da azurfa da zinariya da ruwa. Shi ya sa masu sayen tsoffin ƙarafa ke yawo da maye a aljihu, da shi suke raba baƙin ƙarfe mai arha da jan ƙarfe mai tsada. Amma iyayenmu mata masu sayen ƴan kunne da sarƙa da warwaro, a yi hattara. In maye ya kama sarƙa, lalle akwai baƙin ƙarfe ko nikel a cikinta, ba zinariya zalla ba ce. In bai kama ba, wannan bai zama shaida ba, don tagulla da jan ƙarfe da aka shafa wa ruwan zinariya su ma ba ya kama su. Gwajin maye na iya kama ƙarya, amma ba ya isa a biya kuɗin zinariya a kansa, sai an kai wa maƙerin da ya san awo.

Cikin baƙin ƙarfen ma akwai bambanci. Allurar ɗinki, mai tauri, in ka goga ta da maye sai ta riƙe ƙarfin ta daɗe da shi. Ƙarfe mai laushi kuwa, in ka naɗa masa waya ka saki wuta ya zama maye nan take, kana yanke wuta ya saki. Irin wannan ake sa wa cikin taransifo da moto, inda ake son ƙarfin ya riƙa zuwa yana tafiya. Zafi kuma na kashe shi: ƙarfen da ya yi ja a maƙera, da ya wuce awon zafi 770, maye ba ya kama shi sai ya huce.

Farade bai iya babban lissafi ba, kuma wannan ya sa wasu masana suka raina bayaninsa. Shi da ido yake tunani. Yakan barbaɗa garin ƙarfe bisa takarda, ya sa maye a ƙasa, garin ya jeru layi-layi daga wannan kai zuwa wancan. Ya ce waɗannan layuka gaskiya ne, suna cike sararin da ke kewaye da maye ko da ido bai gan su ba, kuma waya na ba da wuta ne in ta yanke su. Sai da wani saurayi ɗan Sikotlan, Jems Makswel, wanda aka haifa a 1831, shekarar zoben, ya zo ya zuba tunanin cikin lissafi sannan aka sallama. Daga lissafin Makswel ne aka kai ga igiyoyin da ke ɗauke da muryar rediyo da ta salula.

Gwamnati ta sha neman sa. A 1844 an aike shi binciken fashewar wani ramin haƙar gawayi a Haswel inda mutum 95 suka mutu. A 1855 ya rubuta wa jarida takarda kan ƙazantar kogin da ya ratsa Landan. Kusan shekara talatin yana ba da shawara kan fitilun bakin teku, yana hawa hasumiyoyi har da tsufansa. Sau biyu aka ba shi shugabancin Royal Society, ƙungiyar nan da aka so hana shi shiga, sau biyu ya ƙi. Abin da bai taɓa gajiya da shi ba shi ne koyar da yara. Laccar ƙarshen shekara da aka fara wa yara a cibiyarsu a 1825, shi ya gabatar da ita har sau 19, wadda ta fi shahara kuwa a kan kyandir guda ya yi ta. Har yau ana yin wannan lacca kowace shekara.

A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gidan zama a Hamton Kot. Mantuwa ta ci gaba da cin sa. Gwajinsa na ƙarshe a 1862 ya yi shi, yana neman ganin ko maye zai canza hasken harshen wuta, bai ga komi ba don kayan aikinsa ba su kai ba. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Zeman ya gano abin a 1896. Ma'aunin da masu gyaran rediyo da firigo ke karantawa jikin kwandansato, farad, sunansa ne aka gutsure, kuma daga 1991 zuwa 2001 hotonsa na jikin takardar fam 20 ta Ingila.

Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867 yana zaune bisa kujerarsa, saura wata guda ya cika shekara 76. Tun da ransa ya ƙi a binne shi a Wesminsta inda ake kai sarakuna da manyan ƙasa. Danginsa da ƴan abokai kaɗan suka raka shi maƙabartar Haiget da ke arewacin Landan, aka kafa dutse mai ɗauke da sunansa da ranar haihuwa da ta mutuwa. Saratu ta rasu a 1879, aka binne ta tare da shi.